Samar da Yanayi Mai Kwaɗaitarwa a Ajin Koyar da Kiɗa da Waƙa: Tsokaci a kan Makarantun Yankin Abuja

1.0 Gabatarwa

Kiɗa da waƙa suna daga cikin abubuwan da yaro yake fara cin karo da su a rayuwarsa. Tun yana goye yake jin waƙar raino da ta daka. In ya tasa sai ya shiga dandali, ya yi tashe, ya rera karatu a makarantar allo ko Islamiyya, ko kuwa ya bi sahun mawaƙa a coci. Bisa ga haka, ya kamata a ce babu darasin da zai fi wannan sauƙin shiga ran ɗalibi. Amma sau da yawa sai a tarar da ɗalibai sun yi jugum a aji suna kwafar bayani daga allo, har yaron da ya cika unguwa da waƙa da daddare ya kasa buɗe baki a gaban malami da safe.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilan da suke haifar da wannan hali, da kuma hanyoyin da malami zai bi ya samar da yanayin da zai kwaɗaitar da ɗalibai. An zaɓi Yankin Babban Birnin Tarayya, Abuja, saboda ajinsa ya tattara yara daga kusan kowace kusurwa ta Nijeriya. An fi mayar da hankali a kan manyan azuzuwan firamare da ƙaramar sakandare, tare da ba ɗalibi Bahaushe kulawa ta musamman. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, sha'awar ɗalibi tana farawa ne daga ranar da malami ya karɓi kiɗan da yaro ya zo da shi daga gida a matsayin ilimi, sa'annan ya tsara aji yadda kowane yaro zai sami abin yi da bakinsa ko da hannunsa a kowane darasi.

2.0 Ma'anar Kwaɗaitarwa da Yanayin Aji

A fagen ilimi, kwaɗaitarwa tana nufin duk abin da yake sa ɗalibi ya fara aiki, ya dage a kansa, ya kuma koma masa ko da babu mai tsare shi. Masana halayyar ɗan'adam sun kasa ta gida biyu. Akwai ta waje, wadda take zuwa daga maki ko kyauta ko tsoron bulala. Akwai kuma ta ciki, wadda take tasowa daga daɗin da mutum yake ji a aikin shi kansa. Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester a Amurka, a littafin da suka wallafa a 1985 da ayyukansu na baya, sun nuna cewa kwaɗaitarwa ta ciki tana tsayuwa ne a kan buƙatu uku: mutum ya ji yana da zaɓi a abin da yake yi, ya ji yana ƙara gwaninta, ya kuma ji cewa jama'ar da yake ciki ta karɓe shi.

Waɗannan buƙatu sun fi fitowa fili a darasin kiɗa saboda dalilai biyu. Na farko, kiɗa sana'ar maimaici ce, hannu ba ya faɗawa sai da yawan bugu, kuma babu mai jure maimaici a kan abin da ba ya so. Na biyu, kuskuren lissafi yana ɓuya a cikin littafin ɗalibi, amma kuskuren waƙa duk aji ne yake jin sa. Yaron da aka yi wa dariya sau ɗaya yana iya rufe bakinsa har ya bar makaranta.

Shi kuwa yanayin aji ya ƙunshi abubuwa uku. Akwai na zahiri, wato ɗaki da tsarin zama da kayan kiɗa. Akwai na zamantakewa, wato dangantakar malami da ɗalibai da ta ɗalibai a junansu. Akwai kuma abin da ake koyarwa da yadda ake gabatar da shi.

3.0 Abuja da Matsayin Darasin Kiɗa

3.1 Jama'ar da take cikin aji

An kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 ta ranar 3 ga Fabrairu, 1976, a zamanin mulkin Janar Murtala Ramat Muhammed, aka yanko ƙasarsa daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Gwamnatin Tarayya ta tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba, 1991. An aro sunan ne daga tsohon garin Abuja wanda Abu Ja, ɗaya daga cikin sarakunan Zazzau na Haɓe, ya kafa a 1828, garin da aka sauya wa suna zuwa Suleja. Ƙidayar 1991 ta nuna mutanen yankin ba su kai 400,000 ba, ta 2006 kuwa ta nuna sun haura miliyan 1.4.

Yankin yana da ƙananan hukumomi shida, wato Birni da Kewaye da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji. Mutanensa na asali sun haɗa da Gbagyi, waɗanda Hausawa suke kira Gwari, da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da Ganagana da Egbura. A kansu ne ma'aikata da 'yan kasuwa da masu neman abinci daga ko'ina suka sauka. Saboda haka, aji guda a Kubwa ko Nyanya ko Karu ko Zuba yana iya haɗa ɗan Gbagyi da Bahaushe da Bafillace da Bayarabe da Ibo da Tibi da Banufe da Igala. Kowannensu ya zo da waƙoƙin gidansu da kuma ra'ayin iyayensa game da kiɗa.

3.2 Darasin kiɗa a manhaja

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma sake dubawa a 1981, ta sanya zane da kiɗa cikin darussan ƙaramar sakandare a tsarin 6-3-3-4. Bayan ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na matakin farko a Sakkwato a 1999 da dokarsa ta 2004, Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NERDC, mai hedikwata a Sheda cikin ƙaramar hukumar Kwali, ta fitar da manhajar shekara tara da aka fara aiki da ita a 2008. Wannan manhaja ta haɗe kiɗa da zane da wasan kwaikwayo a darasi guda na al'adu da fasahar ƙirƙira. Sakamakon haka shi ne, lokacin da kiɗa yake samu ya ragu, kuma sau da yawa malamin da aka horar a kan zane shi ne ake ɗora wa koyar da kiɗa.

4.0 Abubuwan da Suke Dakushe Sha'awar Ɗalibai

4.1 Matsayin makaɗi a al'umma

A al'adar Hausawa kiɗa sana'a ce da aka fi sani da gado, kuma an danganta ta da roƙo. M. G. Smith, a nazarinsa na 1959 a kan tsarin daraja a ƙasar Hausa, ya nuna cewa makaɗa da maroƙa suna cikin rukunin ƙasa. Al'umma tana son waƙa, tana kyauta ga mawaƙi, amma mutane da yawa ba sa son 'ya'yansu su ɗauki ganga. Yaro Bahaushe yakan shigo aji da wannan tunani, yana gudun kada abokansa su kira shi maroƙi. Shirun da malami yake ɗauka rashin basira ne, sau da yawa kare mutuncin gida ne.

4.2 Damuwar iyaye ta fuskar addini

Malaman Musulunci sun daɗe da saɓani a kan hukuncin kayan kiɗa, kuma wannan saɓani yana da tarihi a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitab al-Farƙ, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe ba tare da wata manufa ta shari'a ba cikin aibobin sarakunan da ya yaƙa, amma ya ware buga tambari domin tara runduna da makamantan haka. A ɗaya ɓangaren kuma, shi da ƙaninsa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u (1793–1864) sun yi amfani da waƙa wajen karantar da jama'a, kuma da waƙoƙi ne jajis na 'Yan Taru suke kai ilimi ga matan karkara. Ke nan, iyaye da yawa suna bambanta rera waƙa da buga kayan kiɗa, suna kuma duba abin da waƙar ta ƙunsa da wurin da ake yin ta. Malamin da bai san wannan bambanci ba yana iya jefa ɗalibi tsakanin umarnin makaranta da na gida.

4.3 Baƙon abu a kan allo

Koyar da kiɗa a makarantun boko ya shigo Nijeriya ne ta hannun 'yan mishan, tare da tsarin do-re-mi wanda John Curwen (1816–1880) ya yaɗa a Ingila, da rubutun kiɗa na Turai mai layi biyar. Sashen kiɗa na farko a jami'ar Nijeriya an buɗe shi ne a Nsukka a 1961, kuma mafi yawan irin waɗannan sassa a kudancin ƙasar suke. Saboda haka, malamai da yawa ba su sami damar nazarin kiɗan Hausa ko na mutanen yankin Abuja ba. Ɗalibin da yake waƙa a coci yakan tarar da abin da ya saba da shi, shi kuwa ɗan'uwansa yana jin sunayen Handel da Mozart, ba ya jin na Narambaɗa ko Jankiɗi. Da sannu sai ya yanke hukuncin cewa darasin na wasu ne.

4.4 Cunkoso da rashin kayan aiki

Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2004, ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare da ɗalibai 40 a sakandare. Makarantun gwamnati da yawa a garuruwan da suke kewaye da birni sun wuce wannan adadi saboda kwararowar jama'a. Idan aka haɗa wannan da rashin ɗakin kiɗa da tsadar fiyano, sai malami ya ga abin da ya fi sauƙi shi ne ya zana hoton ganga a allo, ya ce a haddace sunayen sassanta.

5.0 Hanyoyin Samar da Yanayi Mai Kwaɗaitarwa

5.1 Farawa da abin da ɗalibi ya sani

Manyan masu tsara hanyoyin koyar da kiɗa na ƙarni na 20 sun haɗu a kan wannan ƙa'ida. Zoltan Kodaly (1882–1967) na ƙasar Hangari ya gina tsarinsa a kan waƙoƙin gargajiya na harshen uwa. Carl Orff (1895–1982) na Jamus ya fara da magana da tafi da motsin jiki da ƙananan kayan bugawa. Shinichi Suzuki (1898–1998) na Japan ya lura cewa kowane yaro yana koyon harshen uwarsa ta hanyar saurare da kwaikwayo, don haka ya ce a bi da kiɗa ta wannan hanya. Dukkansu sun sa ji da yi a gaban rubutu, kuma haka ake koyon kiɗa a ƙasar Hausa tun asali.

A aikace, malami yana iya buɗe zangon karatu da tattara waƙoƙin aji. Kowane ɗalibi ya kawo waƙa ɗaya daga wajen uwa ko kaka, ya rubuta harshenta da lokacin da ake yin ta da ma'anarta. Za a sami waƙoƙin gaɗa da na tashe da na tatsuniya da na noma da na biki. A haɗa su a littafi guda da sunan wanda ya kawo kowace, ya zama littafin da ajin zai yi aiki da shi. Wannan aiki yana da wani amfani na daban ga yaron da aka haifa a Wuse ko Gwarimpa, wanda wataƙila bai taɓa ganin dandali ba, domin zai sa ya buga wa kakarsa waya a Katsina ko Sakkwato ya nemi abin da ta sani. Haka nan bai kamata malami ya raina waƙoƙin finafinan Hausa da sauran na zamani da yara suke ji a wayoyi ba. Idan batunsu mai tsabta ne, ana iya farawa da su, a sa ɗalibai su gano amon kalangu da na algaita da aka kwaikwaya da fiyano, daga nan a kai su ga kayan na asali.

5.2 Aron tsarin ƙungiyar makaɗa

Ƙungiyar makaɗan Hausa makaranta ce mai matakai. Akwai jagora wanda yake saƙa waƙa, da 'yan amshi, da masu buga kayan kiɗa, da sanƙira mai ƙarin bayani da kirari. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya da saurare. Daga nan a ba shi ƙaramar ganga irin kuntukuru, wadda bugunta ɗaya ne ba ya sauyawa. In hannunsa ya faɗa ya hau ta gaba, har ya kai ga babban kalangu ko kotso. Ta fuskar murya ma amshi ake fara yi kafin jagoranci. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya daɗe yana yi wa yayansa Kurna amshi kafin ya kafa tasa ƙungiyar.

Wannan tsari ya biya buƙatun nan uku da aka ambata a baya. Yana da matakan da ɗalibi zai ga ci gabansa da idonsa. Ba ya barin kowa zaune hannu sake. Yana kuma ba mai jin kunya mafaka a cikin amshi har muryarsa ta saba da fita. Alal misali, a ɗauka aji yana da ɗalibai 60. Malami zai kasa su rukuni huɗu na mutum 15: masu tafin da yake riƙe da kiɗan, da masu buga ƙwarya ko benci, da masu girgiza caki, da 'yan amshi. Jagoranci kuwa a riƙa zagayawa da shi, a bar wanda ya shirya ya fara. Bayan kowane zagaye rukunoni su yi musanyar aiki. Ta haka yawan ɗalibai, wanda yake nauyi a darasin allo, ya zama ƙarfi a darasin amshi, domin hannu da yawa shi yake ɗaukar jinka.

5.3 Harshe a matsayin ƙofar shiga

Hausa harshe ne mai karin sauti, haka ma Yarabanci da Ibo da Gbagyi. Kalmar "kuka" ta zubar da hawaye tana da karin sama a gaɓoɓinta biyu, ta itace kuwa sama ce da ƙasa. "Wuya" na jiki sama ne da ƙasa, "wuya" ta wahala kuwa ƙasa ce da sama. Wannan hawa da sauka shi ne kalangu yake kwaikwaya: makaɗi ya matse tsirkiyoyinsa a hammata amo ya hau, ya sassauta amo ya sauka. Da haka ake buga take, mai shi ya gane da shi ake yi. Gangar dundun ta Yarabawa ma a kan wannan ƙa'ida take aiki.

Malami zai iya gina darussa da dama a kan wannan. Ya furta kalma, ɗalibai su nuna hawanta da saukarta da hannu, sa'annan su rera ta ba da baƙaƙe ba. Ya buga sunan wani ɗalibi a ce a gano ko wane ne. Kowane rukuni ya ƙirƙiro wa kansa take. Haka kuma nauyin gaɓa yana koyar da tsawon bugu: "Katsina" gaɓoɓi uku ne marasa nauyi, "makaranta" kuwa biyu marasa nauyi ne da biyu masu nauyi. Idan ɗalibai suka tafa waɗannan har suka zauna musu, sai malami ya nuna alamar da ake rubuta gajeren bugu da dogo da ita. A nan rubutun kiɗa na Turai ya zo a matsayin hanyar adana abin da kunne ya riga ya sani, kuma ɗalibi Bahaushe ya gane cewa yana da jari tun kafin ya shigo aji.

5.4 Tsarin wuri da kayan kiɗa

Zaman sahu-sahu ana kallon allo bai dace da kiɗa ba, domin masu kiɗa tare suna buƙatar ganin hannun juna. A tura benci gefe a yi da'ira ko rabinta, malami ya tsaya a cikin ɗalibai. Inda ɗaki ya yi kaɗan, ko zafin watannin Maris da Afrilu ya tsananta, inuwar itace nesa da sauran azuzuwa ta wadatar. Da damina kuwa, ƙarar ruwa a kan rufin kwano tana danne murya, sai a yi amfani da irin wannan rana wajen haɗa kayan kiɗa ko rubuta waƙa. Yana da kyau shugaban makaranta ya sa darasin a lokacin da amonsa ba zai dami maƙwabta ba, don kada malami ya riƙa tsawata wa yara a kan abin da shi ne ainihin aikin.

Bangon aji ma malami ne. Erich von Hornbostel da Curt Sachs sun kasa kayan kiɗan duniya gida huɗu a 1914, kuma kayan Hausa suna da wakilai a kowane gida. Masu fata sun haɗa da kalangu da kotso da taushi da jauje da tambari. Masu tsirkiya sun haɗa da goge da kukuma da garaya da gurmi da molo da kuntigi. Na busa sun haɗa da algaita da kakaki da sarewa. Masu amo da jikinsu kuwa sun haɗa da shantu da ƙwarya da caki da kuge. A zana jadawali a sa waɗannan, a gefensu a sa bata da shekere na Yarabawa da ogene da ekwe na Ibo, a bar gurbi ɗaliban Gbagyi da Gade da sauransu su cike da sunayen nasu daga bakin iyayensu. Ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971, da littafin Sa'idu Muhammad Gusau, Makaɗa da Mawaƙan Hausa, za su taimaki malami a wannan aiki.

Rashin kuɗi bai isa hujjar barin aiki ba. Kuntigin da Ɗanmaraya Jos (1946–2015) ya zagaya duniya da shi ɗan gwangwani ne da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya. Ƙwarya da aka kife a kan ruwa a cikin baho tana ba da amo mai zurfi. Gora da tsakuwa sun zama caki, kara ko bututun roba ya zama sarewa. A nan haɗe darussa da manhajar 2008 ta yi yana iya zama alheri, domin sa'ar zane da sana'ar hannu za ta samar da kayan da sa'ar kiɗa take buƙata. Yankin ya shahara da ginin tukwane a Kwali da Ushafa, kuma da yumɓu ake gina tulun kiɗa irin udu na Ibo. Tarihin Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohon garin Abuja a 1954 da sana'ar da ta koya a gida, har hotonta ya hau takardar naira 20, misali ne da ɗalibai za su gane. Yaro yana tattalin abin da ya yi da hannunsa, yana kuma ɗokin jin amonsa.

5.5 Mutunta bambanci da jawo iyaye

Ajin da ya haɗa al'ummomi da yawa yana buƙatar taka-tsantsan wajen zaɓen waƙa. Wasu wasannin tashe, irin su Macukule, suna kwaikwayon Bagwari domin ban dariya. Abin da zai wuce a matsayin raha a Kano yana iya zama cin fuska a Bwari ko Kuje, inda ɗan Gbagyi yake zaune a ƙasar kakanninsa. Ya kamata malami ya kira kowace al'umma da sunan da take kiran kanta, ya guji waƙoƙin zambo da batsa, ya kuma tabbatar an zagaya da waƙoƙin kowa. Kada a tilasta wa yaro rera waƙar ibadar addinin da ba nasa ba. Waƙoƙin noma da raino da aiki da zumunci suna nan a kowane harshe, kuma sun ishi shekara.

Ɗalibin da iyayensa ba su yarda ya taɓa kayan kiɗa ba, a ba shi aikin tsara baituka ko rerawa ba da kiɗa ba ko tattara waƙoƙi da sharhi a kansu, a kuma ba shi cikakken maki a kan haka. 'Yan matan da suka fara girma a bar su su rera a rukuninsu, kada a matsa musu yin rawa a gaban maza. Ba aikin malamin kiɗa ba ne yanke hukunci a kan saɓanin malaman addini. Aikinsa shi ne ya san da shi, ya samar wa kowa hanyar shiga.

Taron iyaye da malamai wuri ne da ya dace a bayyana bambancin nazarin kiɗa da roƙo. Ana iya tunatar da iyaye cewa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata (ya rasu 1999) digirin girmamawa a 1988, kuma a kan Shata ne Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiana a 1975. Haka nan gayyato dattijon makaɗi daga unguwa ya nuna sana'arsa, a zaunar da shi a kujerar malami, yana gyara tunanin yara fiye da dogon bayani. Ziyarar Cibiyar Fasaha da Al'adu ta Cyprian Ekwensi da ke Garki, ko kallon makaɗan fada a hawan salla a Suleja, tana ba da damar a haɗa kiɗa da tarihi, a gaya wa ɗalibai cewa Tarihin Kano ya danganta shigowar kakaki da zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499).

5.6 Yabo da gyara da auna fahimta

Yabon da yake amfani shi ne wanda ya ambaci abin da aka yi daidai, kamar a ce wa rukuni sun riƙe tafi bai karye ba har ƙarshe. Kalmar da ta fi kowace illa ita ce a ce wa yaro ba shi da murya. Yara maza da suke kan gaɓar balaga muryarsu takan karye, sai a sauke musu kari ko a mayar da su ga bugu na ɗan lokaci. Gyara a fara yin sa ga rukuni, in ya zama dole a keɓe mutum ɗaya a yi shi a asirce. Tun ranar farko a kafa dokar cewa ba a yi wa mai kuskure dariya, kuma malamin da yake rera waƙar harshen da ba nasa ba, ya bar ɗalibai su gyara masa, shi ne ya fi saurin kafa wannan doka.

Idan jarrabawa ta tsaya a kan takarda kawai, ɗalibai za su gane cewa aikin hannu da murya ba shi da daraja. Ya kamata wani kaso na makin zangon karatu ya fito daga rerawa da bugu da ƙirƙira da haɗin kai a rukuni. Malami yana iya ɗaukar muryar aji da wayarsa a farkon zango da ƙarshensa, ya kunna musu su ji bambancin da kunnensu. Ɗan ƙaramin wasa a taron safe ko ranar ba da kyaututtuka yana ba maimaici manufa. Gasa kuwa a yi ta tsakanin rukunoni, domin gasar ɗaiɗaiku takan ɗaga mutum biyu ta kashe gwiwar saura.

5.7 Misalin darasi na minti 40

Ana iya kasa darasi kamar haka. Minti 5 na farko malami ya tafa wani bugu, ɗalibai su maimaita. Minti 10 ɗalibin da waƙarsa take kan layi ya gabatar da ita, ya faɗi ma'anarta, aji ya koyi amshinta. Minti 15 rukunoni su ɗora tafi da kayan kiɗa, su yi musanyar aiki sau biyu. Minti 5 a rubuta bugun da aka yi da alamomi a allo. Minti 5 na ƙarshe a haɗu a rera gaba ɗaya, a faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da za a gyara. Abin lura a nan shi ne, rubutu ya ci kashi ɗaya ne cikin takwas na lokacin.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa rashin sha'awar da ake gani a ajin kiɗa a yankin Abuja yana da tushe a matsayin makaɗi a al'umma, da damuwar iyaye ta fuskar addini, da baƙuntar abin da ake koyarwa, da cunkoso da rashin kayan aiki. An kuma nuna cewa mafi yawan maganin yana hannun malami: ya fara da waƙoƙin gida, ya aro tsarin jagora da amshi, ya shiga kiɗa ta ƙofar harshe, ya sa ɗalibai su haɗa kayansu, ya mutunta kowace al'umma, ya kuma ba aikin hannu da murya maki.

Sai dai akwai abin da ya fi ƙarfin malami shi kaɗai. Ya kamata Kwalejin Ilimi ta Babban Birnin Tarayya da ke Zuba, da Jami'ar Abuja wadda aka kafa a 1988 aka kuma amince da sauya mata suna zuwa Jami'ar Yakubu Gowon a 2024, su riƙa shirya bita ga malaman da aka ɗora wa wannan darasi ba tare da horo ba. Sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i kuma su haɗa kai da NERDC wajen tattara waƙoƙin yara na Hausa da Gbagyi da Gade da Gwandara da sauransu, da muryoyinsu da fassararsu, a shirya su daidai da matakan aji. Tsofaffin da suke riƙe da waɗannan waƙoƙi suna ƙarewa, jikokinsu kuma suna tasowa a gidajen da babu dandali. Ga yara da yawa a Abuja, aji shi ne wurin da ya rage da za su ji waɗannan waƙoƙi su kuma koye su.